IGIYA MAI CIKI TA FI ƊAMAMMA ƘARFI: DARASIN KIMIYYA DAGA RAGAR LILO

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a watan Maris ko Afrilu, ya san yadda zafin bazara kan kori mutane zuwa inuwar mangwaro da ta dalbejiya. A wannan lokaci ne mangwaro ke nuna, masu lambu kuma su sa a yi musu gadi dare da rana. To mu ƙaddara masu gadi biyu ne suka gaji da kwanciya a ƙasa saboda cinnaka da kunama, sai kowannensu ya samo ƙatuwar raga ya ɗaura tsakanin itatuwa biyu don ya kwanta a ciki. Na farko ya ja igiyarsa da iya ƙarfinsa, ya ɗame ta sai ka ce tsirkiyar baka. Na biyu kuwa ya bar tasa sako-sako, ta yi ciki ta sauko ƙasa. Igiyoyin iri ɗaya ne, nauyin mutanen ma ɗaya. Shin ta wa za ta riga tsinkewa?

A duk lokacin da na yi wa ɗalibai wannan tambaya, mafi yawansu kan ce ta na biyu, domin a ganinsu abin da aka ɗame shi ne mai ƙarfi. Amsar kimiyya kuwa akasin haka ce. Manufar wannan darasi ita ce mu ga dalili, mu auna shi da lissafi, sannan mu duba amfaninsa a gida da gona da bisa hanya.

Asalin Ragar Lilo

Ragar lilo shimfiɗa ce ta saƙaƙƙen zare ko ƙyalle mai ƙwari, wadda ake ɗaure bakinta biyu a jikin itatuwa ko turaku, mutum ya kwanta a ciki yana reto. Mutanen Taino na tsibiran Karibiyan suna kiranta hamaka, kuma a wurinsu ne Kolumbus da mutanensa suka gan ta a shekarar 1492. Daga nan matuƙa jiragen ruwan Turai suka ɗauke ta, domin ba ta cin wuri, kuma tangaɗin jirgi ba ya jefo mai barci ƙasa. A zamanin mulkin mallaka an sha ɗaukar jami'an Turawa a cikinta a ƙasashen kurmi na Afirka ta Yamma, inda ƙudan tsando ke hana doki rayuwa.

Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga rataye kaya da igiya. Akwai ragaya da iyayenmu mata ke rataye ƙwaryar fura ko nono a ɗaka, akwai lilon da yara ke ɗaurawa a reshen tsamiya, ga kuma igiyar shanya a kowane tsakar gida. Ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su duka.

Nauyi Da Ƙarfin Ja

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu daidaita ma'auni. A ilmin fiziks ana auna ƙarfi da niyuton, ma'aunin da aka raɗa wa sunan Isaac Newton, wanda ya wallafa dokokin motsi a shekarar 1687. Ƙasa tana jan abu mai kilo 1 da ƙarfin niyuton 9.8, amma don sauƙi za mu ɗauka 10 ne. Ke nan mutum mai kilo 70 nauyinsa niyuton 700 ne, buhun masara mai kilo 100 kuwa niyuton 1,000.

Dokar Newton ta farko ta nuna cewa duk abin da ke zaune wuri ɗaya ba ya motsi, to ƙarfafan da ke aiki a kansa sun kashe juna. Mai gadin da ke kwance cikin raga ƙasa na jansa da niyuton 700. Tun da bai faɗo ba, lalle igiyoyin nan biyu suna ɗaga shi sama da niyuton 700 cif. Da a ce igiyoyin a tsaye suke sak, kamar na ragaya, da kowace za ta ɗauki rabi, wato niyuton 350, magana ta ƙare.

Sai dai igiyar ragar lilo a karkace take. Igiya kuwa ba ta iya ja sai ta fuskar da ta miƙa. Saboda haka jan da karkatacciyar igiya ke yi yakan kasu gida biyu. Kashi na farko yana ɗagawa sama, shi ne mai riƙe da mutum. Kashi na biyu yana ja a kwance, ba ya ɗaga komai, aikinsa kawai ya fizgo itatuwan biyu zuwa ga juna. Iyakar kwanciyar igiya, iyakar ƙanƙantar kashin da ke ɗagawa. Amma nauyin mutum bai ragu ba, dole a biya shi niyuton 700 ɗinsa. Ba yadda igiya za ta yi sai ta ƙara yawan jan da take yi baki ɗaya, har ɗan kashin nan mai ɗagawa ya kai adadin da ake bukata. Wannan hanya ta rarraba ƙarfi zuwa sassa tana daga cikin abubuwan da Simon Stevin, wani masani na ƙasar Holan, ya share wa fage a littafinsa na shekarar 1586.

Lissafin

Bari mu kira ƙarfin jan kowace igiya J, nauyin mutum N, kusurwar da ke tsakanin igiya da shimfiɗaɗɗen layi kuma k. Ɗaliban babbar sakandare sun san sin k daga darasin alwatika. A nan ma'anarsa mai sauƙi ce: idan ka bi igiya tsawon mita ɗaya, nawa ta sauka ƙasa? In ta sauka rabin mita, to sin k ya zama 0.5, kusurwar kuwa digiri 30 ce.

Kashin da kowace igiya ke ɗagawa shi ne J × sin k. Igiyoyi biyu ne, saboda haka:

2 × J × sin k = N

wato J = N ÷ (2 × sin k)

Kashin da ke jan itace a kwance kuwa shi ne J × cos k. Ga abin da lissafi ya bayar game da mutum mai kilo 70:

Digiri 60: jan igiya niyuton 404, jan kwance niyuton 202
Digiri 45: jan igiya 495, jan kwance 350
Digiri 30: jan igiya 700, jan kwance 606
Digiri 20: jan igiya 1,023, jan kwance 962
Digiri 10: jan igiya 2,016, jan kwance 1,985
Digiri 5: jan igiya 4,016, jan kwance 4,001
Digiri 2: jan igiya 10,029, jan kwance 10,023

Mai karatu ya lura da abubuwa uku. Na ɗaya, a digiri 30 kowace igiya tana ɗauke da daidai nauyin mutumin. Na biyu, a digiri 5 igiyar tana shan wahalar da za ta sha da an rataya mata buhun masara huɗu, alhali kuwa mutum guda ne siriri ke kwance. Na uku, yayin da kusurwa ta doshi sifiri, sin k ma yana dosar sifiri, J kuwa yana hauhawa ba iyaka. Wannan shi ne dalilin da ya sa babu igiya a duniya, ko ta ƙarfe ce, da za ta ɗauki kaya a tsakiyarta ta zauna miƙe sak. Ko dai ta talu ta yi ciki, ko ta tsinke, ko ta tumɓuke abin da aka ɗaure ta a jiki.

Yanzu amsar tambayarmu ta fito fili. Igiyar mai gadi na farko, wadda aka ɗame, ita ce cikin haɗari.

Wani zai ce, to me ya hana a yi digiri 60, tun da a nan ja ya fi sauƙi? Dalili shi ne raga za ta naɗe mutum kamar ƙosasshiyar ayaba, bayansa ya ƙage, sannan sai an hau can sama kafin a ɗaura. Digiri 30 shi ne tsaka-tsaki tsakanin lafiyar igiya da jin daɗin kwanciya. In kuma mutum ya ɗan gicciye a cikin ragar, maimakon ya bi tsawonta sak, bayansa zai fi miƙewa.

Yadda Ake Ɗaurawa

Abu na farko shi ne zaɓen itace. A nemi rayayye mai kauri, wanda faɗin gindinsa bai gaza santimita 30 ba in ragar babba ce. Mangwaro da tsamiya da ɗorawa da maɗaci da dalbejiya da suka manyanta duk sun dace. A guji gwanda da zogale, domin jikinsu ba ƙwari, haka kuma duk itacen da gara ta ci ko mai kogo. A ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe ko amyar zuma a sama, a kuma share duwatsu da kututture a ƙasa.

Abu na biyu shi ne tsayin maɗauri. A kusurwar digiri 30, igiya kan sauka kimanin santimita 58 a kowace mita ɗaya ta tazarar kwance. Idan tsakanin itatuwa mita 4.5 ne, rabinsa mita 2.25, saukar za ta kai kimanin mita 1.3. A ƙara santimita 50, wato tsayin kujera, wanda ake so ya rage tsakanin gindin raga da ƙasa. Ke nan za a ɗaura a tsayin mita 1.8. In tazara ta ƙaru, maɗauri ma sai ya ƙara hawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sami itatuwa masu nisa, hannu bai kai inda ya kamata ba, sai a ɗame igiya don kada raga ta taɓa ƙasa.

Ba sai da ma'aunin kusurwa za a gane digiri 30 ba. Bayan mutum ya shiga raga, wani ya auna kamu biyu a jikin igiya daga maɗauri. In ƙarshen awon ya sauka kamu ɗaya ƙasa da maɗaurin, to an dace.

Abu na uku shi ne kare itacen. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn sashe mai rai, wanda ta cikinsa abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa. Manoma sun san cewa in aka sassaƙe ɓawo aka kewaye gindin itace, a hankali zai bushe. Siririyar igiya ko waya mai ɗauke da ɗaruruwan niyuton tana iya yin irin wannan ɓarna. Kuka ce kawai a cikin itatuwanmu ta shahara da mayar da ɓawonta bayan an ɗaye shi. Saboda haka a yi amfani da ɗamara mai faɗi, ko a naɗa tsohon buhu ko yankin taya kafin a ɗaura. Ɗamara mai faɗin santimita 5 tana baza matsi a fili da ya ninka na igiya mai kaurin milimita 6 wajen sau takwas.

Abu na huɗu ita ce igiyar kanta. Igiyar rama da ta kaba da ta auduga suna ruɓewa in sun sha danshi, ta roba kuwa rana ce ke cin ta har ta riƙa marmashewa. Ƙulli ma yana rage ƙarfin igiya, wani lokaci har kusan rabi. Bugu da ƙari, in mutum ya saki jiki ya faɗa raga gaba ɗaya, jan na iya ninkawa biyu na ɗan lokaci, in kuwa tsalle ya yi, ya fi haka. Don haka a nemi igiyar da za ta iya ɗaukar aƙalla ninki biyar na abin da lissafi ya nuna.

Haɗarin Ginshiƙi Da Katanga

Jan kwance shi ne ɓoyayyen makashi. Ƙarfin da ke neman kayar da ginshiƙi ya danganta ga abu biyu: yawan jan, da tsayin wurin da aka ɗaura. Babbar raga takan ja hankalin yara su cika ta. Mu ƙaddara samari uku ne, jimlar nauyinsu kilo 180, a ragar da aka ɗame zuwa digiri 10. Jan kwance zai kai kimanin niyuton 5,100, kwatankwacin nauyin buhu biyar, yana fizgar ginshiƙi ta gefe a tsayin kan mutum.

Ginin bulo da na ƙasa suna da juriya ga nauyin da ke danna su daga sama, amma ba su da ita ga abin da ke jan su ta gefe, sai in an sa rodi a ciki. A shekarar 2020, a jihar Ohayo ta Amurka, wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya sun rasu yayin da ginshiƙin bulo da aka ɗaura ragar lilo a jikinsa ya rufto musu. Wannan gargaɗi ne gare mu. Kada a ɗaura raga ko lilo a ginshiƙin baranda, ko katangar gida, ko dirkar rumfa, ko turken wutar lantarki. Malamai masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai su sa ido a kan wannan.

Ƙa'idar A Wasu Wurare

Dubi wayoyin lantarki da ke bin gefen hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Babu wadda take miƙe, kowace ta yi ciki tsakanin turke da turke. Wannan ba sakacin ma'aikata ba ne. Wayar alminiyon tana ƙara tsawo da kimanin milimita 0.023 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ta kuma tsuke haka in ya sauka. Mu ɗauki waya mai mita 50, da bambancin digiri 25 tsakanin tsakar ranar bazara da asubahin hunturu. Tsukewar ba ta wuce kimanin santimita 3 ba. Amma abin mamaki, rarar santimita 3 ɗin nan ita ce ke bai wa waya mai wannan tsawo cikin da ya kai santimita 75. Da an ja ta da ƙaramin ciki a lokacin zafi, hunturu na zuwa za ta ɗame, jan ya hauhawa, ta tsinke ko ta karkato da turke.

Siffar da waya ko sarƙa ke yi in an rataye ta ba kaya ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Galileo ya kwatanta ta da hanyar da jefaffen dutse ke bi, a littafinsa na 1638. Sai a shekarar 1691 Huygens da Leibniz da Johann Bernoulli suka fito da ainihin lissafinta, wanda ya nuna cewa siffofin biyu sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Injiniyoyin lantarki da na gadoji suna aiki da wannan ilmi har yau.

Abin da ke zama haɗari a raga yana iya zama dabara a wani wuri. A watan Agusta, lokacin da hanyoyin ƙauyukan Ɗandume da Ƙafur da Ɗanja ke cika da taɓo, ƙaramar motar ɗaukar kaya takan kafe. In akwai ƙaƙƙarfar igiya da babban itace a gaba, sai a ɗaure motar da itacen, a ɗame igiyar sosai, sannan a kama tsakiyarta a ja ta gefe. Alal misali, igiya mai mita 20, mutum ya ja tsakiyarta da niyuton 400 har ta goce rabin mita. A nan sin k ya zama 0.5 ÷ 10, wato 0.05, saboda haka J = 400 ÷ 0.1 = niyuton 4,000. Ƙarfin mutum ɗaya ya ninka goma. Da motar ta ɗan matsa sai a sa dutse a bayan taya, a sake ɗame igiya, a maimaita. Sai dai a yi hattara: igiyar da ta tsinke cikin irin wannan ja takan dawo kamar bulala, don haka 'yan kallo su ja da baya.

Gwaji A Cikin Aji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malami zai iya nuna wannan darasi da kayan da ba su da tsada: sikelin rataye irin na masu awon hatsi, igiya mai ƙwari mita biyu, ƙullin yashi mai kilo 2, ma'aunin kusurwa, da magwajin tsawo.

1. A ɗaure bakin igiya ɗaya a ƙarfen taga, ɗaya bakin a ƙugiyar sikeli. Wani ɗalibi ya riƙe sikelin daidai tsayin maɗaurin farko.
2. A rataya ƙullin yashi a tsakiyar igiya.
3. Mai riƙe da sikeli ya matso har kusurwa ta zama digiri 60, a rubuta abin da sikeli ya nuna. Ya kamata ya kusanci kilo 1.2.
4. Ya ja da baya zuwa digiri 30. Sikeli zai nuna kimanin kilo 2.
5. Ya ƙara ja zuwa digiri 10. Sikeli zai doshi kilo 5.8.
6. A ƙalubalanci ƙaƙƙarfan ɗalibin ajin ya miƙar da igiyar sak. Zai gane da hannunsa cewa ba ta yiwuwa.

A zana jadawalin kusurwa da abin da sikeli ya nuna, a kwatanta da lissafi, a tattauna dalilin ɗan bambancin da aka samu. A kula kada ƙafar kowa ta kasance ƙarƙashin ƙullin yashin.

Tambayoyi

1. An rataya bokiti mai kilo 20 a tsakiyar igiyar shanya, ta yi kusurwar digiri 10. Nawa ne jan igiyar?
2. Wata igiya tana tsinkewa a niyuton 3,000. Wace kusurwa ce in aka gaza ta igiyar za ta tsinke da mutum mai kilo 90?
3. Tsakanin itatuwan mangwaro biyu mita 6 ne. A wane tsayi za a ɗaura raga don a sami digiri 30, gindinta kuma ya tsaya santimita 50 bisa ƙasa?
4. Me ya sa igiyoyin ragaya sirara ne, amma ba kasafai suke tsinkewa ba?

Amsoshi: (1) kimanin niyuton 576, (2) kimanin digiri 8.6, (3) kimanin mita 2.2, (4) domin kusan a tsaye suke, saboda haka kusan dukkan jansu ɗagawa yake yi, ga shi kuma sun raba nauyin a tsakaninsu.

Kammalawa

Mun ga cewa wahalar da igiya ke sha ba ga nauyin kaya kaɗai ta dogara ba, har da kusurwar da aka ɗaura ta. A digiri 30 tana ɗaukar daidai nauyin kayan, a digiri 10 kusan ninki uku, a digiri 5 kusan ninki shida. Wannan babi na daidaiton ƙarfafa yana cikin manhajar fiziks da ake jarrabawa a WAEC da NECO, amma amfaninsa ya wuce ɗakin jarrabawa. Ɗalibin da ya fahimce shi, in ya koma gida ya tarar ƙannensa sun ɗame igiya a ginshiƙin baranda suna shirin hawa, ya san abin da zai gaya musu, ya kuma san dalili: a kwance ta daga jikin gini, a nemi itace mai rai, a ɗaura sama, a bar ta ta yi ciki.